Filta uku a sararin Sakkwato: biyu sun biya kuɗinsu, ɗaya yana kwance a jaka

Shekara guda ke nan da na sayi saitin filta uku masu faɗin milimita 77, wato gilasan tace haske da ake ɗaurawa a bakin idon kyamara, kuma da gangan na jinkirta faɗin ra'ayina har sai da suka ga hunturu da bazara da damina, domin a Sakkwato kayan da bai sha ƙura da zafi ba bai isa yabo ba tukuna.

Na farko shi ne CPL, wanda ake murzawa ya kashe ƙyallin ruwa da na ganye, ya kuma ƙara wa sama shuɗi. Na fara gwada shi a watan Janairu a gadar Kwalkwalawa, kan hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na murza har na gaji, amma sama tana nan fara fat. Laifin ba na gilashin ba ne, domin hazon hunturu ƙura ce mai manyan ƙwayoyi da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma irin hasken da take watsawa ba ya tacuwa da wannan filta. A watan Agusta ne ya nuna ko shi wane ne. Washegarin wani ruwa mai ƙarfi na koma wurin da hantsi, na tsaya rana tana gefen kafaɗata, inda ya fi aiki, na murza shi kaɗan, sai ƙyallin Gulbin Rima ya ɗauke, shinkafar fadama ta fito kore shar, gajimare ya rabu da sama sarai. Yana cin rabin haske ko fiye, amma da ranar Sakkwato wannan ba asara ba ce.

Na biyu, ND1000, baƙi ne ƙirin, yana rage haske kusan sau 1000, ta yadda hoton da za a ɗauka a kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa zai buƙaci daƙiƙa 16 ko 17. A kan mazauni mai ƙafa uku, ruwan gulbi yakan kwanta lumui kamar an shimfiɗa alharini. Aibinsa shi ne yana ɗan rina hoto da ja, abin da ake gyarawa a kwamfuta, sannan dole a saita kyamara kafin a ɗaura shi, don bayan haka ba a ganin komai.

Na uku ne ya sa na sayi saitin tun farko, kuma shi ne ya ba ni kunya. An yi shi ne domin ɗaukar taurari a cikin gari: gilashinsa yana tare hasken rawaya na tsofaffin fitilun titi masu sodiyam, wanda ke tattare a launi guda, wajen nanomita 589 a ma'aunin tsawon zangon haske. Matsalar ita ce fitilun da suka kewaye unguwarmu yanzu farare ne na LED, yawancinsu masu aiki da hasken rana, kuma farin haske ya ƙunshi launuka duka, babu layi guda da za a datse a huta. A watan Disamba na hau soro na auna Kaza da 'ya'yanta, na ɗauki hoto da filta, na ɗauki wani babu shi. Bambancin kawai shi ne na farko ya yi shuɗi-shuɗi, ya kuma fi duhu, har sai da na ƙara ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, hoton ya cika da tsaki-tsaki.

Hoton taurarin da nake alfahari da shi na ɗauke shi ne ba tare da kowane filta ba, a ƙauyen kakannina da ke bayan Wamakko, a daren da babu wata kuma hazo ya lafa. Da idon kyamara mai milimita 20 na bar ta a buɗe daƙiƙa 25, bisa ƙa'idar raba 500 da tsawon idon don kada taurari su ja layi. Kawuna ya fito da tocila yana tambaya, "Kai ɗana, mi kaka ɗauka cikin duhu?" Da ƙyar na roƙe shi ya kashe ta. Nesa da haka ban je ba, saboda sha'anin tsaro bai bar mutum ya yi yawon dare a daji da kaya masu tsada ba.

Zoben ƙarfen duka ukun siriri ne, kuma ƙura tana shiga zarensa. Sau biyu CPL ya maƙale a kan kyamara, sai da na naɗa masa robar ɗaure kuɗi kafin ya kwance. Wanda zai saya ya haɗa da 'yar robar hura iska, kada ya goge gilashin da bakin riga, domin yashin hunturu ya riga ya bar mini zane a ND ɗina. Ya kuma nemi a sayar masa da biyun farko daban, ya mai da kuɗin na ukun wajen mazauni mai ƙarfi.