Buƙatar haɗewa a GitHub ko faci ta imel: wacce hanya zan bi in tura gyarana?

Wani ɗan'uwa a zaure ya ce ya gano kuskure a wata manhaja ta kyauta da kod ɗinta ke buɗe ga kowa, ya gyara a kwamfutarsa. Wasu sun ce masa ya buɗe pull request, wato buƙatar a haɗe gyaransa da ainihin kod ɗin, a shafin ajiye kod na GitHub, wasu sun ce ta imel ake tura faci, wato fayil mai ɗauke da sauyin da aka yi. Yana son sanin wacce ta fi.

Ɗan'uwa, zaɓin ba a hannunka yake ba. Kowane aiki da ƙofar da yake karɓar baƙi, kuma a rubuce take a fayil ɗin CONTRIBUTING ko cikin takardun aikin. Python ta koma GitHub tun 2017, can za ka same su. Linux kuwa, da PostgreSQL, da shi kansa Git, manhajar ajiye tarihin sauyin kod da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, har yau ta imel suke karɓar gyara. Akwai kwafin Linux a GitHub, amma buƙatar da ka buɗe a can ba za a haɗe ta ba.

A hanyar GitHub, ka danna Fork ka samu kwafinka, ka sauke shi da git clone, ka haɗa shi da ma'ajiyar asali da git remote add upstream. Sai ka tsaga sabon reshe da git switch -c, ka yi gyara, ka yi git commit don adana sauyin a matsayin kwamit, ka tura da git push, ka buɗe buƙatar haɗewa a shafin. Kada ka yi aiki a babban reshe. In ka yi, duk abin da ka ƙara daga baya zai faɗa cikin buƙatar da ka riga ka buɗe. Wurin da sababbi suka fi cijewa shi ne turawar: tun watan Agustan 2021 GitHub ta daina karɓar kalmar sirri a git push, sai da mabuɗin SSH ko token, wato lambar izini da kake ƙirƙira a asusunka. In gyaran na wata matsala ce da aka riga aka ba lamba, rubuta Fixes da lambarta, misali Fixes #123, a bayanin buƙatar, matsalar za ta rufe da kanta ranar da aka haɗe.

A hanyar imel babu Fork, babu asusu. Mu ɗauki Linux. Ka yi git commit -s, wanda ke saka layin Signed-off-by da sunanka da imel ɗinka. Wannan layin shaida ce cewa kana da haƙƙin bayar da kod ɗin, tsarin da suka ɗauka tun 2004, kuma facin da ba shi da shi ba ya shiga. Sai git format-patch -1 ya fitar maka da fayil ɗin faci. Ka bi ta kansa da scripts/checkpatch.pl don ya nuna maka kurakuran tsari, ka tambayi scripts/get_maintainer.pl su wa ke kula da wannan sashen, sannan ka tura musu da git send-email.

Me ya sa ba za ka kwafa ka liƙa a shafin Gmail kawai ba? Saboda yana mai da tab zuwa sarari, yana karya dogayen layuka, kuma faci abu ne da ake ɗorawa harafi da harafi. Sarari ɗaya ya sauya, git am, umarnin da ake ɗora faci da shi, zai ƙi shi a wajen mai kula da aikin. Ban da haka, sabar vger.kernel.org, mai rarraba yawancin saƙonnin masu aikin Linux, tana watsi da saƙon da ke da HTML. In da Gmail za ka yi amfani, saita git send-email ya bi ta smtp.gmail.com a tashar 587, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don manhaja. Fara tura wa kanka, ka gwada ɗora shi, kafin ka tura wa jama'a.

Babban bambancin yana ga abin da ake dubawa. A GitHub yawancin masu dubawa jimillar sauyin suke kallo, kuma ayyuka da yawa, har da Python, suna dunƙule duk kwamit ɗinka su zama ɗaya wajen haɗewa. Don haka ko ka bar kwamit mai suna "gyara kaɗan" sau biyar, da wuya a tsawata maka. A Linux kowane kwamit saƙo ne mai zaman kansa da za a karanta shi kaɗai. Dole ya yi abu ɗaya tak, dole kod ɗin ya ginu bayansa, domin wata rana wani zai yi git bisect yana neman inda matsala ta shigo, kuma kwamit ɗin da ba ya ginuwa zai katse masa bincike. Bayaninsa ya faɗi matsalar da dalilin gyaran, layuka kada su wuce haruffa 75. In kuskuren wani tsohon kwamit kake gyarawa, ka sa layin Fixes: da aƙalla haruffa 12 na farkon lambarsa da takensa.

Zagaye na biyu ma ya bambanta, kuma da wuya gyara ya shiga a karon farko. A GitHub, in an ce ka sake wani abu, ka gyara ka tura a reshen nan, buƙatar za ta sabunta kanta. In ma'ajiyar asali ta yi gaba ta bar ka, ka yi git fetch upstream da git rebase, ka warware karon da ya taso, ka tura da git push --force-with-lease. A imel ba a ƙara faci a kan wanda ba a karɓa ba. Ka koma ka gyara ainihin kwamit ɗin, ka fitar da sabon zubi da git format-patch -v2, ka rubuta abin da ya sauya a ƙarƙashin layin nan mai --- don kada ya shiga tarihi. Amsa kuma a ƙarƙashin maganar mutum ake rubuta ta, layi bayan layi.

Gwaji: a GitHub na'ura ce ke gwada kod ɗinka nan take, ka ga kore ko ja, sai dai a buƙatarka ta farko yawanci sai mai kula ya ba da izini kafin gwajin ya tashi. Wasu ayyukan, irin Python da na Google, sai ka sa hannu a yarjejeniyar mai ba da gudummawa. A imel nauyin gwajin farko a wuyanka yake.

Shiru fa? Takardun Linux sun ce ka jira aƙalla mako guda kafin ka tuna musu. Ka kuma duba lokaci: bayan kowane sabon fitowa akwai makonni biyu da masu kula ke tura wa Torvalds abin da suka tara, ba su da sukunin duba sabon faci. Shiga lore.kernel.org, rumbun saƙonninsu, ka tabbatar saƙonka ya isa tun farko.

Ga mai sayen data da kuɗinsa, cikakken tarihin Linux ya haura gigabait 2 nesa ba kusa ba. Yi git clone --depth=1 ya rage maka nauyin sosai, amma ba za ka iya bin tarihi don nemo lambar Fixes: ba sai ka duba a yanar gizo.

In wannan ne gyaranka na farko kuma aikin yana GitHub, bi can, ka nemi matsalolin da aka yi wa alamar good first issue. In Linux ne a ranka, fara da drivers/staging, sashen kod ɗin da bai gama kammaluwa ba, inda Greg Kroah-Hartman ke karɓar ƙananan gyare-gyare daga sababbi. In kuma Git kake son gyarawa amma saitin imel ya gagare ka, akwai GitGitGadget: ka buɗe buƙatar a GitHub, shi ya mai da ita faci ya tura a madadinka. Ka turo mana sunan manhajar, mu duba maka ƙa'idarsu.