Gidan haya a Ingila, ku duba yadda yake riƙe ɗumi kafin ku biya

Salamu alaikum 'yan uwa, masu ta tambayata ya sanyin Ingila yake, wallahi na waje ba shi ne damuwa ba, ka zura jaket ka wuce abinka, wahalar tana cikin ɗaki. Yawancin gidajen da mu baƙi muke iya kamawa a Bradford da Manchesta tsofaffi ne, na jan bulo ko dutse a jere tun kafin 1920, bangon babu rata a tsakiyarsa, to duk ɗumin da hita ta tara sai ya bi bango da rufi da ƙasan ƙofa ya fice, mita kuma tana ta cin kuɗi ba ta san kana rawar ɗari ba. A 2022 da gas ya yi tashin gwauron zabi sai da gwamnati ta sa baki ta tsayar da bil ɗin matsakaicin gida a fam 2,500 a shekara, duk da haka mutane sun ji jiki.

Don Allah duk mai shirin zuwa ya riƙe wannan, kowane gidan haya yana da takarda mai nuna yadda yake riƙe ɗumi, EPC suke ce mata, daga A mafi kyau zuwa G mafi muni, kyauta ake dubawa a shafin gwamnati, kuma a doka bai kamata mai gida ya ba da hayar wanda ke ƙasa da E ba. Gara ka ƙara kuɗi ka kama mai C, arhar mai E ɗin nan a gas za ka biya ta. Kuma ba kuɗi kaɗai ba ne, bango mai sanyi yana jan raɓa sai baƙar fumfuna ta fito, a Rochdale wani yaro ɗan shekara 2 ɗan 'yan uwanmu Sudan ita ta yi ajalinsa a 2020, Allah ya jiƙansa.

Kayan gyaran kam akwai su ba wuya, shagunan kayan gini irin su B&Q da Wickes duk suna sayar da wani abu kamar auduga a naɗe, a shimfiɗa a saman silin kaurin milimita 270, ga roba mai gam ta bakin taga wadda ko kai za ka liƙa da hannunka. Ma'aikata ne tsada kuma sai ka yi ta jira.

Amma gaskiya Jamus sun fi su nesa ba kusa ba, can za ka ga an lulluɓe bene gaba ɗaya da soso mai kauri ta waje an shafe shi da filasta, sababbin tagogi gilashi uku-uku, in ka rufe ko iska ba ta shiga, shi yasa ma suke wangale taga na 'yan mintuna kullum ɗaki ya sha iska.

Masu gini a gida ku ma ku tambayi wannan na saman silin ɗin, yadda yake hana ɗumi fita haka yake tare zafin kwano ya hana shi saukowa ɗaki lokacin bazara.