Ku yi hattara da ejan biza na Sabon Garin Zariya, ya cinye mini N2,850,000

Wata uku ina haɗiye maganar nan saboda kunya, yau dai sai na faɗa. Naira miliyan 2 da dubu 850. Filina na Ɗanmagaji na sayar, na kai wa mutumin nan da hannuna.

Kada wani ya ce kwaɗayin Amurka ne ya ja ni. Aure na yi. Maiɗakina 'yar Amurka ce, iyayenta mutanen Ghana, an ɗaura mana aure a Nima da ke Accra a 2024, da waliyyi da shaidu da sadaki, har da takardar shaida. Abin da ya rage kawai in bi ta. Ni ba yaro ba ne, shekara 11 ina koyarwa a Samaru, na iya karanta takarda.

Wani abokin aikina ne ya kai ni ofishinsa, a saman bene wajen PZ. Abin da ya kasa fita daga raina shi ne la'asar ɗin nan. Muna cikin magana aka kira salla, ya rufe kwamfuta ya ce, "Malam, mu fara ba Allah hakkinsa." Shi ya ja mu. Da muka sallame ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, amanarka tana wuyana har gaban Allah." Na ce, "Alhaji, na yarda da kai." Da bakina na faɗa. Ko na kwanta sai in ji muryarsa, amanarka tana wuyana. Wa zai yi zargin wanda ya ja shi salla?

Ya ce biza iri biyu ce, CR-1 ta ma'aurata da K-1 ta masu shirin aure. Ya ce ta ma'aurata tana cin lokaci, mu bi K-1, wai auren masallaci Turawa ba sa lissafa shi, in an tambaye ni in ce baiko kawai muka yi. A ranar na tura masa N1,200,000. A'a, washegari ne, don sai da na je banki a Tudun Wada. Daga baya N900,000 wai na lauyansa da ke can, sai N750,000 na gwajin asibiti da ranar ganawa a Abuja. Ku haɗa, N2,850,000 ne cif.

Sai yanzu na san K-1 ta wanda bai yi aure ba ce sam, yana shiga ƙasar ne a ɗaura cikin kwana 90. Wanda ya riga ya yi aure hanyarsa bizar ma'aurata ce, da fom I-130. Kuma ko wacce ce, ba ni ke shigar da ita daga Zariya ba, ita 'yar ƙasar ce za ta shigar a hukumar shige da ficen Amurka, wato USCIS. Kuɗin fom ɗin K-1 a lokacin dala 675 ne. Ganawar ma a Legas ake yi. Da na je na yi ƙaryar da ya koya mini aka gano, hana ni shiga za a yi har abada, ga aurena a rataye. Wannan ya fi kuɗin ƙona mini rai.

Maiɗakina ta yi ta tambaya tun farko, ina takardar da zan sa wa hannu? Na ce ta bari, Alhaji ya san aikinsa. Har faɗa muka yi a waya, na kare shi a kan matata. Da ta matsa, ya turo lambar rasit, haruffa 3 da lambobi 10 kamar ta gaske. Ta saka a shafin hukumar, babu ita. Kafin nan ma ya fara ƙin ɗaga waya, yau yana Kaduna, gobe an yi masa rasuwa a Funtuwa. Ranar da na hau benen na tarar da kwaɗo a ƙofa, mai shagon ƙasa ya ce ni ne na huɗu a satin nan.

Ina da komai: alat na banki guda uku, hirarmu ta WhatsApp, saƙon muryarsa inda yake cewa in ɓoye auren. Na kai wa 'yan sanda, an ce in dakata da bayyana suna, amma wallahi da zarar an ba ni dama zan saka hotunan a nan kowa ya ga fuskarsa.

In ka auri 'yar waje, ita ta cika fom da kanta, kada ka ba kowa sisi, kada ka ɓoye aurenka.

Abokin da ya kai ni har yau yana rantsuwa bai san komai ba. Filin kuwa na wuce ta wurin jiya, wanda ya saya har ya kai linta. Miliyan 2 da dubu 850. Allah ya isa tsakanina da kai, Alhaji, ban yafe ba.