Tanki a rufe ko rami mai iska, wanne ya fi ga ruwan masana'antar sukari

Wa'alaikumus salam Malam. Tambayarka ita ce in mutum zai kafa ƙaramar masana'antar sukari ta wajen Maƙarfi ko Kudan a jihar Kaduna inda rake yake, wace bakteriya ta fi iya wanke ruwan dattin, wadda ake rufewa a tanki ba iska ko wadda ake hura wa iska. Ni dai a nan wajenmu ta rufe nake zaɓa a matakin farko, amma ita kaɗai ba ta gama aikin.

Shi ruwan nan babbar matsalarsa zaƙi ne. Wankin injin matsa da tukwanen dafawa da daɓe, ga ruwan raken da ya zube, ga ɗan giris. In aka sake shi ya gangara rafi, bakteriyar da ke can za ta far wa sukarin ta shanye oksijin ɗin cikin ruwa, kifi ya taso ya mutu, ruwa ya yi baƙi ya kama wari. Ma'aunin ƙarfin dattin da ake kira BOD, ruwan kwatar gida yakan tsaya wajen miligiram 200 zuwa 400 a lita, na masana'antar sukari kuwa sau da yawa ya haura 1,000.

Mai iskar tsohuwar dabara ce, tun 1914 Ardern da Lockett suka fito da ita a Mancesta ta Ingila. Tana da sauri, cikin awoyi ta cinye dattin, tana iya cire kashi 90 cikin ɗari ko fiye kuma ba wari. Amma wallahi cin wuta gare ta, injin hura iskar nan dare da rana yake aiki, kuma ka san halin wutarmu, in aka ɗauke na dogon lokaci ba ka tada janareta ba bakteriyar ta shaƙe, ramin ya ruɓe, sai ka dawo kana lissafin dizal. Sannan kusan rabin abin da ta ci komawa yake sabon taɓo wanda dole a kwashe a shanya. Ruwan sukari kuma ba shi da isasshen naitirojin, sai an riƙa zuba yuriya da fosfet, ƙa'idar da aka saba ita ce 100 na BOD, 5 na naitirojin, 1 na fosforas. In aka yi sake da wannan sai wasu bakteriya masu kama da zare su mamaye ramin, taɓon ya ƙi kwanciya ya riƙa bin ruwa yana fita.

Ta rufen kuwa kamar tumbin saniya take, shi ya sa ma da ɗanyen kashin shanu ake tada ta in ba a samu taɓon wani tsohon tanki ba. Tsarin da ya fi shahara shi ne UASB, na Gatze Lettinga a Holan cikin shekarun 1970, ruwa na shiga ta ƙasa ya ratsa taɓon ya fita ta sama, gas a tara shi daban. Ba ruwanta da hura iska, famfo kaɗai. A lissafi kowane kilo ɗaya na datti da aka cire, a ma'aunin COD (wani ma'aunin ƙarfin datti ɗan uwan BOD), yana ba da kusan kubik mita 0.35 na mitan, wato gas mai kama wuta, ka kai shi tukunyar tururi ko kicin ɗin ma'aikata. Taɓonta kaɗan ne sosai, kuma abin da ya fi burge ni, matsar rake aikin kaka ne ba na duk shekara ba, ita wannan za ta iya kwanciya wata da watanni ba abinci, in aka dawo aiki ta farfaɗo. Mai iskar ba ta da wannan haƙurin.

Amma fa tana da tsirfa. Bakteriya ƙungiya biyu ne a ciki, masu mai da sukari tsami suna da sauri, masu mai da tsamin gas kuma nawa gare su, to in ka antaya mata ruwa mai zaƙi da yawa lokaci guda tsami ya yi rinjaye, ma'aunin tsami na pH ya sauko ƙasa da 6.5, gas ya tsaya cak, kuma kafin ta dawo daidai sai an yi makonni. Dole a sa ramin tara ruwa a gabanta don ya riƙa shiga a hankali, a gyara tsamin da laim, wato farar ƙasa, wanda dama masana'antar na amfani da shi wajen tace ruwan rake. Zafi ma tana so, wajen digiri 35, a watan Afrilu ba matsala amma daren hunturun Zariya kam sai ta yi sanyin jiki, sa'a dai ruwan masana'anta da ɗuminsa yake fitowa, in an binne tankin a ƙasa ya fi riƙe shi. Tada ta da farko yakan ci wata biyu zuwa uku. Ruwan da ke fitowa daga cikinta kuma da sauran datti da warin ruɓaɓɓen ƙwai, hukumar kare muhalli ta NESREA ba za ta yarda ka sake shi haka ba.

Don haka a jere ake haɗa su, ta rufe ta kwashe mafi yawan nauyin, mai iska ta ƙarasa ragowar da wuta kaɗan. In akwai fili, kuma a ƙauye galibi akwai, maimakon injin iska a haƙa tafkuna marasa zurfi, rana da gansakuka su samar da oksijin kyauta, sai dai ruwan zai daɗe a ciki. Garin bakteriyar leda da ake tallatawa kuma kar ka ɗora kuɗinka a kai, in tsami da zafi da abinci ba su daidaita ba ita ma mutuwa za ta yi.

In kuma ana shirin yin sinadarin itanol da molasis, wato baƙin maɗin da ke raguwa bayan an cire sukari, to maganar ta canza, kowace lita ɗaya tana barin lita 10 zuwa 15 na wani ruwa mai duhu, COD ɗinsa na kaiwa wajen miligiram 100,000 a lita. Wannan mai iska ba ta isa ta fara da shi ba sam, kuma ko bayan an bi da shi ta duka biyun launin nan mai kama da shayi ba ya fita da sauƙi.