Sashen gashin cutar kansa da muke kai Baba a Legas

Sati biyar kenan muna jigilar Baba daga Agege zuwa wani asibiti ana masa gashin kansar huhu, wato ƙona ta da hasken na'ura. Layi kam sai haƙuri, ka sha gosulo tun asuba ka zo ka tarar babu kujerar zama.

Amma likitar da ke duba shi Allah ya saka mata, da na tambayi dalilin da wani ƙarin ke jure gashi, biro ta ɗauka ta zana min a bayan kati. Ashe akwai ɗan furotin wai shi yubikwitin, shi ke liƙa wa sauran furotin alamar a kai bola, kansa sai ta yi amfani da shi ta zubar da wani furotin, p53, mai taka mata birki, kuma yana taimaka mata ɗinke DNA ɗinta, wato zaren gado na cikin ƙwayar halitta, wanda hasken ya tsinka. Wallahi sai ranar na gane.