Sharhi Kan Ajin Horar da 'Yan Kwikwiyo: Inda Ya Yi Amfani da Inda Ya Gaza

Duk wanda zai biya kuɗi ya shigar da ɗan kwikwiyonsa ajin horo da tsammanin za a dawo masa da kare mai ladabi, kamar yadda bakanike yake miƙa wa mutum makullin motarsa bayan ya gama gyara, gara ya riƙe kuɗinsa. Ajin da na halarta tare da nawa kwikwiyon ya fi horar da masu karnukan a kan karnukan kansu, kuma a ganina wannan ne ya sa kuɗin da lokacin ba su tafi a banza ba. Sai dai ba kowane ɓangare ne ya gamsar da ni ba, musamman koyar da tafiya da igiya, wadda ita ce ainihin abin da ya kai yawancinmu wurin.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Rukuni ne ƙarami da ake haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa guda a cikin fili mai shinge, malama ɗaya ce ke koyarwa tare da mataimakinta, kuma a ranar farko aka ba kowa kilika (wata 'yar na'ura da ake latsawa ta yi ƙara ƙyas), da ɗamarar ƙirji, da igiya mai tsawon kusan mita 2, da takardar aikin gida. Kafin a karɓi kowane kwikwiyo sai an ga katin rigakafinsa da shaidar cewa ya sha maganin tsutsar ciki, kuma na ga an mayar da wani mutum gida saboda bai zo da nasa ba, abin da ya ƙara mini natsuwa da wurin. Dalilin wannan tsanani shi ne 'yan kwikwiyo suna shiga ajin tun kafin su kammala allurarsu, domin allurar ƙarshe ta cututtuka irin su fabo da distemfa sai sun kai mako 16 ake yin ta, alhali kuwa lokacin da ƙwaƙwalwarsu ta fi karɓar sabon abu ba tare da tsoro ba yana farawa ne daga wajen mako 3 ya fara rufewa wajen mako 12 zuwa 14. Binciken John Paul Scott da John Fuller a Bar Harbor ta Amurka, wanda suka wallafa a 1965, shi ne ya kafa wannan fahimta, kuma a kanta ne ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, AVSAB, ta ba da shawara a 2008 cewa kwikwiyo zai iya fara aji tun yana mako 7 zuwa 8, matuƙar ya samu allurar farko aƙalla kwana 7 kafin ranar. Nawa bai cika wata uku ba lokacin da muka fara.

A ɓangaren biyayya ta farko ne ajin ya fi burge ni. Umarnin da aka koyar ba su da yawa: zauna, kwanta, tsaya, zo, bari, da saki. Hanyar kuwa ita ce a riƙe 'yar loma a gaban hancin kwikwiyon, a ɗaga ta a hankali zuwa bayan kansa, shi kuma da ya bi ta da hanci sai ƙugunsa ya sauka ƙasa da kansa, ba tare da an danna shi ba. A daidai lokacin da ƙugun ya taɓa ƙasa ake latsa kilika, sannan a ba shi lomar. Kalmar "zauna" ba a furta ta sai bayan ya saba da motsin hannun, kuma sau ɗaya ake faɗinta, domin wanda yake maimaita "zauna, zauna, zauna" koya wa karensa yake yi cewa ba sai ya motsa a kira na farko ba. Tushen wannan hanya aikin masanin halayya B. F. Skinner ne a kan yadda dabba take maimaita abin da ya jawo mata lada, kuma Karen Pryor, wadda ta fara da horar da dabbobin teku, tana cikin waɗanda suka yaɗa ta ga masu karnuka a shekarun 1990.

Abin da takarda ko bidiyo ba za su iya ba mutum ba shi ne idon da ke kallon hannunsa. Malamar takan tsaya a gefe ta ce, "Ka makara, ya riga ya miƙe kafin ka latsa, don haka miƙewar ka saka wa." Jinkirin da bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba ya isa ya sauya darasin gaba ɗaya a kan kwikwiyo, kuma kusan kowa a ajin sai da aka yi masa wannan gyara. Haka nan ta nace cewa horon gida kada ya wuce minti 3 zuwa 5 a zama ɗaya, a riƙa yin sa sau da yawa a wuni, a kuma riƙa sauya wuri, saboda kare ba ya ɗaukar darasin da ya koya a falo ya kai shi bakin ƙofa da kansa, sai an sake koya masa a can. A kan umarnin "zo" kuwa dokarta ɗaya ce ba ta da sassauci: kada a taɓa kiran kwikwiyo domin a yi masa faɗa ko a yi masa abin da ba ya so, irin su wanka ko yankan farce, a je a ɗauko shi kawai. Na bi wannan doka sau da ƙafa, kuma har yau "zo" ne umarnin da karena ya fi amsawa da gudu.

Wani daga cikin masu halarta ya tambaya ko ba ya kamata a riƙa kwantar da kwikwiyo a danne shi ba domin ya san wane ne shugaba a gidan, kuma na ji daɗin yadda malamar ta amsa ba tare da ta muzanta shi ba. Wannan ra'ayi na "shugaban garke" ya samo asali ne daga nazarin da Rudolph Schenkel ya wallafa a 1947 a kan kyarketai da aka tara a gidan namun daji na birnin Basel a ƙasar Switzerland, waɗanda ba dangin juna ba ne. Masanin kyarketai L. David Mech, wanda da kansa ya taimaka wajen yaɗa ra'ayin a 1970, ya dawo a 1999 ya bayyana cewa garken kyarketai a daji iyali ne na uwa da uba da 'ya'yansu, ba fagen kokawar mulki ba. Akwai kuma binciken da aka yi a Jami'ar Porto ta Fotugal, aka wallafa a 2020, wanda ya gano cewa karnukan da ake horarwa da tsawa da fizgar igiya sun fi nuna alamun damuwa, kuma sinadarin kotisol, wanda jiki yake ƙara fitarwa a lokacin damuwa, ya fi hauhawa a yawunsu bayan horo. A wannan aji ba a yarda da sarƙar shaƙe wuya ko abin wuya mai jan lantarki ba, wanda dama yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010.

Darasin wasa ya kasu gida biyu, ɗaya na yaba, ɗaya kuma ina da ƙorafi a kansa. Wanda na yaba shi ne wasan mutum da karensa. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28 masu tsini kamar allura, yana fara famfara wajen wata 3 zuwa 4, kuma sai wajen wata 6 zuwa 7 haƙoransa na girma 42 suke kammala fitowa, saboda haka cizon hannu da taunar takalmi a wannan tsakanin ba mugunta ba ne, ƙaiƙayin dasashi ne da kuma hanyarsa ta sanin duniya. An koya mana cewa da zarar haƙori ya taɓa fata wasa ya tsaya na ɗan lokaci, sannan a miƙa masa abin taunawa a ci gaba. Wasan ja-in-ja da tsumma mai kauri, wanda wasu suke tsoron yana sa kare zafin rai, shi ne ma aka yi amfani da shi wajen koyar da "saki": a daskarar da hannu har tsumman ya daina ba shi sha'awa, da ya buɗe baki a yaba masa, ladansa kuma shi ne a koma wasan. Wani bayani da ya sauƙaƙa mini rayuwa shi ne cewa ɗan kwikwiyo yana buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a rana, kuma yawancin haukar cizo da guje-guje da yamma gajiya ce, maganinta a kai shi makwancinsa, ba a ƙara masa wasa ba.

Ƙorafina yana kan wasan rukuni, inda ake kwance wa 'yan kwikwiyon igiya a bar su su yi cuɗanya. Asalin tunanin mai kyau ne, kuma likitan dabbobi Ian Dunbar ne ya shahara da shi tun da ya buɗe azuzuwansa a Kalifoniya a 1982, domin a wurin 'yan uwansa ne kwikwiyo yake koyon sassauta cizo da karanta alamun jiki. Amma a namu ajin an haɗa manya da ƙanana ba tare da rarrabewa ba, kuma mutum biyu ba su isa su sa ido a kan kowa ba. Na ga wata 'yar ƙaramar karya ta shafe yawancin lokacin a ƙarƙashin kujera, wutsiya a matse tsakanin ƙafafu, wani ƙato yana ta kai mata hari, mai shi kuma yana dariya yana cewa wasa ne. Malamar da kanta ta koya mana yadda ake gwadawa, wato a riƙe mai korar na ɗan lokaci a ga ko wanda ake kora zai dawo neman wasa ko zai tsere, amma ba kullum aka yi aiki da gwajin ba. Kwikwiyon da ya tsorata a wannan mataki na ƙuruciya yana iya girma da tsoron karnuka, don haka wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, kuma shinge ɗaya a tsakiyar filin da zai raba masu kunya da masu rawar kai ya isa ya magance shi.

Sai batun igiya. Bayanin da aka yi mana daidai ne: kare ya fi mutum saurin tafiya, kuma duk lokacin da ya ja igiya ya isa wurin da yake so, jan ya biya shi, don haka zai sake. Maganin shi ne igiya tana miƙewa mutum ya tsaya cak, ba fizga ba magana, sai ta yi sako-sako a ci gaba, ko kuma a juya a nufi wata fuska, a riƙa ba shi lada a daidai gefen cinya domin ya gane nan ne wurin da alheri yake. An kuma nuna mana cewa sunsuna ƙasa lada ce mai ƙarfi ga kare, ta yadda za a iya cewa "je ka sunsuna" bayan ya yi 'yan taku masu kyau, maimakon a riƙa jan sa daga kowane gindin bishiya. Matsalar ita ce an bar wannan darasi sai can ƙarshen kwas ɗin, kuma duk a cikin shinge aka yi shi, inda babu babur, babu kyanwa, babu yara masu gudu. Karena ya yi tafiya kamar soja a filin horo, muna fita titi kuwa sai ka ce bai taɓa ganin igiya ba. Da an fitar da mu ko sau ɗaya zuwa hanya mai ɗan motsi, malamar tana biye tana gyara mana, da darajar ajin ta ninka.

Ɗamarar ƙirjin da aka ba mu tana da zobe a gaba, a tsakiyar ƙirji, ta yadda idan kare ya ja sai jikinsa ya karkato wajen mai riƙe da shi, kuma ba ta matsa maƙogwaro kamar abin wuya. Ta rage ƙarfin jan sosai, amma ba ta koya masa komai ba, domin ranar da na ɗaura igiyar a zoben baya jan ya dawo yadda yake. Tana kuma goge gashin hammata idan ba a daidaita ta ba (ƙa'idar ita ce yatsu biyu su iya shiga tsakaninta da jiki), kuma kwikwiyo mai saurin girma yakan fi ƙarfinta cikin ɗan lokaci, sai an sayi wata. Na yarda da malamar a kan hana igiya mai naɗe kanta, saboda kullum a miƙe take, wato tana koya wa kare cewa ja shi ne hanyar samun ƙarin tazara.

Akwai abubuwa biyu da aka taɓo sama-sama waɗanda suka cancanci zama na musamman. Na farko shi ne yadda ake janye lomar lada a hankali, a koma ba da ita jefi-jefi tare da yabo da wasa, domin kada kare ya zama sai ya ga abinci a hannu yake biyayya. An dai gaya mana kada lomomin su wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini, kuma na ga ya fi sauƙi in ɗebi ladan daga cikin abincin nasa na yau da kullum. Na biyu shi ne balaga. Kwas ɗin yana ƙarewa ne kafin kwikwiyo ya shiga wannan mataki, alhali binciken da Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle ta jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya nuna cewa karnuka 'yan wata 8 sun fi yin biris da umarnin masu su idan aka kwatanta da lokacin da suke wata 5. Mai karen da ba a gargaɗe shi ba zai ɗauka horon ne ya rushe, ya koma ga tsawa da duka.

Wanda yake tunanin shiga irin wannan aji ya nemi a bar shi ya kalli zama ɗaya tukuna ba tare da karensa ba, ya duba ko ana tambayar katin rigakafi, ko ana raba 'yan kwikwiyo gwargwadon girma da hali a lokacin wasa, ya kuma tambaya kai tsaye ko akwai darasin da ake yi a kan titi. Ya kuma zo da duk mutanen gidan da za su riƙa hulɗa da karen, domin idan ɗaya yana hana shi tsalle a jikin mutane, ɗaya kuma yana rungumar sa idan ya yi, na biyun ne zai yi nasara. Ni dai karena yanzu yana zama, yana kwanciya, yana sakin abin da ya ɗauka idan an ce ya saki, kuma yana tafiya da igiya sako-sako a hanyar da ba kowa. Idan keke ya gifta kuwa har yanzu yakan zabura, kuma saboda wannan na nemi malamar ta yi mana zama na mu kaɗai a bakin titi, wanda kuɗinsa daban ne da na kwas ɗin.