Tsohon jan ruwan inabi da aljihun ma'aikacin kicin: kwalabe biyar da na gwada

Bari in fara da abin da zai raba mu da rigima. Ni Kirista ne, ɗan kudancin Kaduna, kuma abin da zan yi magana a kai giya ce, ko da mun saba kiranta ruwan inabi. 'Yan'uwana Musulmi, yau ba da ku nake ba. Ko a cikinmu Kiristoci ma akwai waɗanda ba sa kusantarta, mahaifiyata na cikinsu, kuma ban taɓa jayayya da ita a kan haka ba.

Shekara shida ke nan ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a Logroño, babban birnin yankin La Rioja da ke arewacin Sifaniya, a bakin kogin Ebro. Sunan yankin "Riyoha" ake furta shi, na fi wata uku ina cewa "Riyoja" ana yi mini dariya a ɓoye. A nan inabi shi ne abin da gyaɗa ta kasance wa Kano a da. Duk da haka ban taɓa sayen kwalba mai daraja da kuɗina ba sai da baftismar ɗiyarmu ta taso. Baƙi goma sha huɗu, rabinsu Sifaniyawa, cikinsu har da shugaban kicin ɗinmu da wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi rayuwarsa duka a gonakin inabi. Irin waɗannan mutane ba a ajiye musu kowace kwalba. Uwargida ta ware mini yuro 120, ta ce ko sisi kada in ƙara. Kafin in kashe su, na yi wata biyu ina sayen kwalba guda duk ranar hutuna, daga kuɗin aljihuna, don in san inda zan sa gaba.

Me ya sa sai tsoho? Sabon jan ruwan inabi yana da bauri, irin wanda ɗanyar kanya ke bari a baki, harshe ya ɗaure, dasashi ya bushe. Daga ɓawon inabin da 'ya'yansa baurin ke fitowa. Idan ya daɗe, da farko a ganga sannan a kwalba, baurin sai ya kwanta. Launinsa ya tashi daga na zoɓo mai kauri ya koma ja mai ɗan ruwan bulo a gefen kofi. Ƙamshin kuma ya bar na ɗanyen 'ya'yan itace ya koma na dabino, busasshen ganyen taba, kanumfari, wani lokaci har da ƙamshin sabuwar jakar fata. Amma ba kowanne ne tsufa ke yi wa kyau ba. Yawancin abin da ke kan kanta an yi shi ne don a sha cikin shekara biyu ko uku, in ya wuce haka sai ya lalace kawai.

Abin da ya cece ni shi ne al'adar wannan yanki. A Bordeaux ta Faransa, manyan gidaje kan sayar maka da kwalba tana sabuwa, kai za ka nemi ɗakin ƙasa mai sanyi ka jira shekara goma. A Rioja gidan da ya yi shi ne ke yin jiran, sai ya nuna ake fito da shi kasuwa. Ga mai haya a hawa na huɗu irina, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Kuma ba sai ka yarda da bakin mai kanti ba, ka juya kwalbar kawai. A bayanta akwai ɗan tambarin hukumar da ke kula da Rioja. Kore na wanda ba a sa masa ƙa'idar daɗewa ba ne. Ja shi ne Crianza: aƙalla shekara 2, ɗaya daga ciki a gangar itacen da suke kira roble, mai cin lita 225. Ja mai duhu Reserva ne: shekara 3, aƙalla ɗaya a ganga, wata 6 a kwalba. Shuɗi kuwa Gran Reserva: shekara 5, aƙalla biyu a ganga, biyu a kwalba.

Da na haddace wannan sai na ga ai na gama. Na shiga babban kanti na hango Gran Reserva a kan yuro 6, na wani yanki ne can kudu, ba na Rioja ba, an lulluɓe kwalbar da ragar zare mai ruwan zinariya kamar amarya. Na ɗauka ina murna na yi wa kasuwa wayo. Ba a yi mini ƙarya ba, dokar ƙasar ta yarda a kira shi haka in ya yi shekara 5, wata 18 a ganga. Sai dai da na zuba, ƙamshin itace ne kawai ya tashi, a baki kuma kamar miyar da aka tsuga wa ruwa don baƙi sun yi yawa. Ka haɗiye, shi ke nan, babu abin da ya rage. Tambarin lokaci yake ƙirgawa, bai ce inabin da aka zuba a gangar na kirki ba ne. Ragowar na dafa wutsiyar sa da ita, can kam ta yi amfani.

Ta biyu Reserva ce ta Rioja daga wannan kantin, yuro 9. Ba ta da laifi. Mai laushi, akwai ɗan ƙamshin kwakwa da gangar itacen Amurka kan bayar, za ka sha da abincin dare ba tare da ka tsaya tunani ba.

Ta uku ita ce ta ƙona mini rai, kuma laifina ne. Wani ɗan shago ne da ke sayar da komai, daga zaitun zuwa katin waya. A tagarsa na ga kwalba mai ƙura, an rubuta 2005. Na san hukumar ta ba wa 2005 matsayi mafi girma, kamar yadda ta ba 2001 da 2004 da 2010 da 2011 da 2019. Mai shagon ya ce yuro 20, muka daidaita a 15. Alamu biyu na gani da idona na kawar da kai. Ruwan ya sauka ƙasa da wuyan kwalbar, ya kusa kafaɗa. Sannan ƙarƙashin hular da ke rufe bakin akwai wani busasshen tabo mai danƙo, alamar zafi ya taɓa tunkuɗo ruwan ta gefen toshiya. Da na sa abin buɗewa, toshiyar ta marmashe kamar tsohon ƙuli-ƙuli, rabi ya faɗa ciki. Na tace da rariyar shayi. Launin ruwan ƙasa-ƙasa, warin kamar dafaffen zabibi da aka manta a tukunya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan kuɗin ai da kifi ka saya mana." Ban ce komai ba. Wa ya san rani nawa kwalbar nan ta yi a tsaye, rana na dukanta ta gilashi?

Washegari na kai wa dattijon nan ƙara. Kaka muke ce masa, shi kuma yana ce mini "hijo", wato ɗana. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in bar kallon shekara, in tambayi inda kwalba ta kwana. Ya ce in je Haro.

Haro ƙaramin gari ne, tafiyar ƙasa da awa guda daga Logroño. A gefen tashar jirgin ƙasansa akwai unguwar da ake kira Barrio de la Estación, inda tsofaffin gidajen inabi suka yi jere, bango na taɓa bango. Dalilin taruwarsu a wurin shi ne wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, da ya cinye gonakin Faransa daga shekarun 1860. Fataken Faransa suka tsallako neman abin da za su cike gurbi, layin dogo kuma na kai kaya har tashar ruwa ta Bilbao. López de Heredia an kafa shi a 1877, CVNE a 1879, La Rioja Alta a 1890. Daga Faransawan ne kuma al'adar ƙananan gangunan nan ta samu gindin zama. Na shiga ɗakunan ƙasa na López de Heredia, sanyi ya ratsa rigata, bango baƙi ƙirin da gansakuka, saƙar gizo-gizo ko'ina ba mai sharewa. Har yau suna da maƙeran gangarsu a cikin gida, kuma tsofaffin ganguna suke ta amfani da su, shi ya sa itace ba ya danne ɗanɗanon.

Shahararriyar kwalbarsu, Viña Tondonia Reserva, shekara 6 take yi a ganga, amma kuɗinta ya fi ƙarfina in har bakwai zan saya. Ƙanwarta na ɗauka, Viña Cubillo, ƙasa da yuro 20. Ga abin da ya ba ni mamaki: tambarinta na Crianza ne, mataki na ƙasa, alhali shekara 3 take yi a ganga, sannan ta ƙara wasu shekarun a kwalba kafin su sake ta. Wato ta fi Gran Reservar nan tawa ta yuro 6 daɗewa a ganga har ninki biyu, tana sanye da rigar ƙarami.

Na tsayar da ita yini guda don lakar da ke ciki ta kwanta a gindi, na sa ta a firji minti ashirin saboda ɗakinmu ya yi ɗumi (wajen digiri 16 zuwa 18 ake so), na buɗe awa guda kafin abinci. Kurɓar farko uwargida ta yatsine fuska. "Wannan ai tsamiya ce." Tana da gaskiya, akwai tsami, kuma duk mai neman zaƙi ko wani abu mai kauri da zai cika masa baki, wannan ba tasa ba ce. Amma da muka sa haƙarƙarin ɗan rago a gaba, irin wanda mutanen nan ke gasawa da busassun rassan inabi, sai labari ya canza. Tsamin ya yanke maiƙon, bakin ya koma fes, kana ajiye kofi ƙamshin busasshen ɓaure da fata na nan a maƙogwaro har ka gama tauna loma ta gaba. Kofi na biyu bai yi kama da na farko ba, ya ƙara buɗewa. Ita da ta yatsine fuska ita ta miƙo kofi a ƙara mata.

Ta biyar Viña Ardanza Reserva ce ta La Rioja Alta, kusan yuro 30. Yawancinta inabin tempranillo ne, da ɗan garnacha da ke ƙara mata jiki. Ta fi Cubillo saurin shiga rai, laushi kamar karan-miski, ƙamshin kanumfari da kwakwa tun kafin kofi ya iso hanci. Da kyauta zan kai wa wanda ban san bakinsa ba, ita zan ɗauka. Sai dai kwalba biyu nata sun isa sayen Cubillo uku.

Lissafin da na yi ke nan: Cubillo huɗu, Ardanza ɗaya don teburin manya, da biyu na Reservar babban kantin nan don ƙarshen biki, lokacin da baki ya gaji ba mai tantancewa. Canjin da ya rage bai kai na burodi biyu ba.

Ranar bikin abu biyu suka faru. Uwargida ta yi tsire da yajinta na gida, wanda aka aiko mana daga Kafanchan. Na haɗa shi da Ardanza, barkonon ya shafe komai, sai zafin giyar kawai ke tashi a harshe, kamar na zuba kuɗina a kwata. Sandunan da ta rage wa barkono, ta bar ƙuli-ƙuli da citta kaɗan, su suka tafi daidai, musamman da Cubillo. Na biyu kuma, ɗaya daga cikin kwalaben yuro 9 ɗin, Kaka ya kai hanci sau ɗaya ya ture kofin. "Corcho," in ji shi. Na shinshina, warin jiƙaƙƙen kwali ne sak, irin na ɗakin ajiya bayan damina. Wani sinadari ne da kan kama toshiyar ɓawon itace, ba ya cutarwa, ba kuma ya duba tsadar kwalba. Na mayar da toshiyar, Litinin na kai kantin da rasit, suka canza mini ba gardama. Tun daga nan ba na yar da rasit sai kwalba ta ƙare.

Wani ƙanena a Abuja ya tambaye ni ko ya nemi irin waɗannan a can. Na ce ya yi hattara. Tsohon ruwan inabi ya fi sabo rauni, kuma kwalbar da ta yi makonni cikin kwantena a tashar Legas, ta zo ta zauna a kantin da na'urar sanyaya ɗakinsa ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, tana iya zama 'yar'uwar tawa ta 2005 komai sunan da ke jikinta. In zai saya, ya taɓa kwalbar ya ji ko da sanyi, ya ga a kwance take ko a tsaye, ya duba inda ruwan ya tsaya a wuya, ya shafa ƙarƙashin hular.

Cubillo ɗaya ta rage ba a buɗe ba. Da baƙi suka watse Kaka ya ɗauke ta ya juya, ya ce in na bar ta a saman firji zai kai ni ƙara wajen fadan cocinmu. Yanzu tana kwance a ɗakin ƙasa na gidansa, kusa da nasa, ya manna mata 'yar takarda da sunan ɗiyata. Ya ce idan na shekarar haihuwarta ya fito kasuwa, in kawo biyu, akwai sauran wuri a layin.